Yatsan da Ke Kan Takardar Burs

Jikata ta samu burs. Ina zaune a ƙofar gida da hantsi, na miƙe ƙafa ina sauraron rediyo, sai ga ta a guje ko takalmi babu, ta cusa min waya a fuska har tana neman tsone min ido, wai in duba sunanta. Na ce, “Ke amarya, janye min abin nan, idona ya daina ganin ƙananan rubutu tun ba a haife ki ba.” Ta ce, “To tsohon miji, buɗe kunne,” ta karanta min da kanta. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatunta a jami'a, fannin aikin gona, agronomi kamar yadda muke ce masa. Ƙawarta ta samu na likita, wani yaron maƙwabta ya samu na gine-gine, wani kuma an ce har ƙasar waje za a kai shi. Duk wannan, daga cika takarda har fitowar suna, a cikin waya aka yi shi, tana kishingiɗe a tabarmar kakarta. Na tambaye ta a ina ubanta ya sa hannu. Ta bushe da dariya, ta ce wane hannu kuma, ai dannawa kawai ake yi. Na sa mata albarka, na yi murna har cikin raina, Allah ya sani. Amma tun da ta koma ciki ban ƙara fahimtar abin da rediyon ke faɗi ba. Ni ma burs na agronomi ne ya kai ni jami'a, kuma akwai wani abu game da takardarsa da ban taɓa gaya wa ƴaƴana ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tirmini da birnin Damagaram, tafiyar rabin yini a kan jaki, in jakin ba mai taurin kai ba ne. Yanzu yara kan hau kabu-kabu su je birni su sayo katin waya su dawo kafin a sauke tukunya. A lokacinmu wanda zai shiga birni sai ya bi gida-gida ya yi sallama, a ba shi saƙon gishiri da kanwa da allura. In na rufe ido ba gidajen nake fara gani ba, sauti nake ji. Daka tun da jijjifi, turmi uku ko huɗu suna amsa wa juna daga wannan gida zuwa wancan. Kukan igiyar guga tana gogar icen bakin rijiya. Kurciya a kan gawo da tsakar rana, ba ta gajiya. Da damina kuma wannan shuu-shuu na hauya tana ratsa ƙarƙashin rairayi, irin doguwar hauyarmu da ake turawa a tsaye. Aikina kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko, shi ne kai fura gona, kora awaki, da tsintar ƴaƴan gawo a tsohon buhu don dabbobi su ci da rani. Babu wanda na so a cikinsu. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ni rago ne a gona tun ina ƙarami. Da rana ta ɗaga sai cikina ya murɗa, ko ƙaya ta soke ni, ko in tuna ban ɗaure akuya ba. Gwaggona, ƙanwar babana wadda ta yi rainona, takan ce duk garin babu wanda ya kai cikina sanin faɗuwar damina.

Ni ne ɗan fari, kuma a wancan zamani ɗan fari ba ɗan da ake wasa da shi ba ne. Babana bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. “Kai” ne, ko “yaron nan”. Innata kuwa ko kallona ba ta yi a gaban mutane. In tana so in ci abinci sai ta gaya wa bango cewa tuwo na hucewa. Yaran yanzu da ke hawa wuyan ubansu su ƙwace masa waya za su ce ƙiyayya ce. Kunya ce, kuma mu mun san bambancin. Babana dogon mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya ƙarya ko da wasa. Har mutane ba sa son a kira shi shaida in an yi rikicin iyakar gona, don zai faɗi abin da ya gani ko da a kan ɗan'uwansa ne. Gonarsa ita ce abin tinƙahonsa, cike take da gawo manya da ƙanana. Gawo ice ne mai saɓa wa ƴan'uwansa: da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Geron da ke gindinsa yakan fi na fili tsayi da kaurin zangarniya. Tsofaffi sukan ba mu labari cewa sarakunan Damagaram na dā sun hana sare shi, wanda ya taɓa kuwa ya gamu da hukunci mai tsanani. Babana in yana noma ya ga ɗan tsiron gawo, sai ya kauce masa da hauya, ya dawo da yamma ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Lakwal ba shi ya kai ni ba, kamo ni aka yi. An ce kowane gari ya ba da yara. Wasu suka ɓoye nasu a rumbu, wasu suka ce sun tafi wurin kaka. Da aka tambayi babana ko yana da yaro, ya ce yana da shi, ga shi can bayan ɗaki. Ba mai takardar haihuwa a cikinmu, sai a ce ka ɗora hannu ta saman kai ka taɓa kunnen ɗaya gefen, in ka taɓa ka isa. Ni na taɓa har hannun ya zarce, don na girme wa sauran. Mai rubuta sunaye ya dube ni, ya ga in ya rubuta gaskiya na wuce shekarun shiga, sai ya yanke min shekara uku ya zubar. Tun daga ranar nake da shekaru iri biyu, na Allah da na takarda.

Ina aji biyar, Faransanci ya fara zama a bakina, kaina ya fara kumbura, aka aiko wani malamin gona yankinmu. Zamanin gyaɗa ne, ana so kowa ya shuka a layi, a yi huɗa da garmar shanu. Saurayi ne, da kaki da takalmi sau-ciki, da turaku da wata doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli da yake auna layi da ita. Ya zaɓi gonar babana ta zama gonar gwaji don tana bakin hanya, kowa zai gani. Bahaushe ne kamarmu, na ji shi da kunnena yana cinikin ƙosai, amma da ya shiga gona sai Hausar ta ɓace masa, ya ce a nemo ɗan lakwal ya yi tafinta. Aka turo ni. Zo ka ga rawar kai! Na riƙe bakin igiya ina jin ni ne komanda. Ya ce ƙananan gawon nan duka a tone su, garma ba za ta wuce ba. Na faɗa. Babana ya ce, a hankali, in gaya masa su ne ke riƙe ƙasar. Na faɗa. Malamin ya yi dariya, ya ce in gaya wa tsohon nan bai san noma ba, tonon ƙasa kawai yake yi kamar kaza, shi ya sa suka dawwama cikin talauci. Da yaro mai hankali ne da ya rage, ya ce malam ya ce a yi haƙuri a gwada. Ni kuwa, don in nuna babu kalmar da ta wuce ni, na juya na zazzage masa ita duka da Hausa, da ƙarfi, a gaban mai gari da dattawa, har da kazar ban bari ba. Babana bai dubi malamin ba, ni ya duba. Sannan ya ɗauki gatari da kansa ya fara da icen da ya fi kusa da shi.

Gyaɗa ta yi kyau shekara biyu, aka kawo baƙi suka gani suka yaba. Daga nan aka canja wa malamin wurin aiki, ruwa ya yi ƙaranci, iska ta kwashe saman gonar ta bar faƙo mai tauri. Ban ɗora wa saurayin nan laifi duka ba, abin da aka koya masa ya zo da shi. Yau ma'aikatan gona su ne ke yawo ƙauye-ƙauye suna roƙon mutane su bar tsiro ya girma a gona, ni kaina na yi shekaru ina wannan wa'azi ana ba ni albashi. Babana dai bai taɓa tayar da maganar ba. Ya koma yana kafa wa sababbin tsiro ƙaya kamar dā. Abin da ya canja shi ne, duk ma'aikacin gona da ya gani tun daga nan, ko na kirki ne, kuma na kirkin suna da yawa, “mai igiya” yake ce masa, in ya hango motarsu sai ya bi ta bayan gari.

Na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, na tafi kolej a birni, na wuce lise, wato babbar sakandare, ina kwana a makaranta, ba na zuwa gida sai da hutun damina. A shekarar bak, wato jarrabawar ƙarshe ta lise, aka raba mana takarda kowa ya rubuta abin da yake so ya karanta a jami'a, guda uku bi da bi. Duk ajinmu likita muke mafarki, ko injiniya. Ni har na gama ganin kaina cikin farar riga, a ɗaki mai fanka, inda ko ƙwayar rairayi ba ta shiga. Mushen da ke koya mana ilmin halittu, wani mutumin kirki mai son ɗalibai, ya ja ni gefe ya ce, “Kai, ɗan wani ne kai ko ɗan talaka?” Na ce ɗan talaka. Ya ce, “To saurara. Masu neman likita sun fi gurabe yawa, makinka kuma tsaka-tsaki ne. In ba ka samu burs ba, wa zai ciyar da kai a Yamai? Rubuta agronomi a sama. Ƙasar nan tana neman masu shi, kuma ba kowa ke so ba.” Haka na rubuta. Kun ji yadda wanda ya kwashe shekaru yana gudun hauya ya zaɓi karatun noma da hannunsa. Jikata ita so take yi, tun tana ƙarama take shuka wake a gwangwani tana damun mu da ban-ruwa. Ni tsoron komawa ƙauye ne ya zaɓa min.

A wancan lokaci burs shi ne komai ga ɗan talaka. Shi ne abinci, shi ne ɗaki, shi ne littafi da kuɗin mota, har a rage ɗan abin da za a aika gida. Wanda bai samu ba, karatunsa ya tsaya nan, duk kaifin ƙwaƙwalwarsa. Na san waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba da suka ƙare a haka, kuma har yau in na tuna su raina yakan ɓaci. Sunaye ba a waya suke fitowa ba, a allon ƙofar lise ake kafe su da ƙusa, mu yi ta turereniya, wani ya fito yana tsalle, wani ya fito ya nemi gindin bango. Na ci bak, na kuma ga sunana. Sakataren lise, wani tsoho mai tabarau, ƙafar tabarau ɗin a ɗaure da zare, ya ba ni takarda kofi biyu. Alkawari ne cewa in na gama zan yi wa ƙasa aiki shekara goma duk inda aka tura ni, an kuma rubuta a ƙasa cewa wanda aka kama da ƙarya a cikinta za a soke burs ɗinsa. Can gefe akwai wurin sa hannun uba, don a takarda ban kai ashirin da ɗaya ba. Ni da gemu ya fara tsiro min! Na ce masa ai na wuce. Ya ce shi bai san gemu ba, takarda ya sani. “Alhamis ta sama nake rufe ambulan,” in ji shi. “Wanda bai kawo ba, a ba na bayansa.”

Ɗan fari ba ya tunkarar uba kai tsaye, don haka gwaggo na fara gaya wa. Ta kai masa, ya ce in zo in faɗa da bakina. Na same shi a gona da hantsi, ana maimai, wato noma na biyu. Na durƙusa nesa kaɗan, na yi bayani, na fito da takardar da ɗan akwatin tawada da na aro wurin mai gari, don babana ba ya rubutun boko, yatsa zai dangwala. Bai daina tura hauya ba.

“Karatun me?”

“Na aikin gona, Baba.”

“In ka gama ka zama me?”

Ya tsaya, ya jingina da ƙotar hauya.

“Mai igiya,” ya ce. “Da likita ne, ko malamin lakwal, ko ma soja, da na dangwala maka duka goman. Amma na taɓa jin maganarsu ta fito daga bakinka, kana yaro, tun ba a koya maka ba. Yanzu in sa yatsana a koya maka? Ka shiga gonar wani tsoho ka yi masa abin da aka yi min, ya tambaya ɗan wa ne, a ce nawa? Tashi ka ɗauki hauya.”

Shekara takwas bai ce uffan ba, ashe abin yana nan ɗanye. Gwaggo ta yi kuka a gabansa, liman ya yi masa magana, mai gari ya taka har gida. Kowa ya saurare shi da ladabi, ya ce ya ji, ya gode. Ranar Laraba na ce masa zan shiga birni in kwaso akwatina daga makaranta, in gaya musu su ba wani gurbina. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Wallahi lokacin da na fita daga gida niyyata ke nan, ko in ce rabin niyyata.

Na shiga birni na kasa nufar lise. Na yi ta gararamba daga unguwar Zango zuwa unguwar Birni, in hau kan dutse in zauna, in sauko. Ranar Alhamis da safe ƙafa ta kai ni ƙofar gidan waya, inda wani mai rubuta wa mutane wasiƙa ke kafa ɗan teburinsa a inuwa. Mun saba, don nakan taya shi in Faransancin ya yi masa nauyi. Ya ga fuskata ya tambaya, na ba shi labari. Ya ce, “Haba ɗan samari, wannan ne ya sa kake neman kuka? Wa ya san yatsan ubanka a Yamai?” Kafin in buɗe baki ya ƙwala wa wani ga-ruwa kira, wani tsoho mai ɗauke da garwa biyu a sanda. “Baba, taimaki yaron nan da yatsa, karatu zai tafi.” Tsohon ya sauke garwa, ya goge hannu a riga, bai tambayi komai ba. Ya ce, “In dai karatu ne, bismilla.” Ya dangwala a kofi biyun. Ya ƙi karɓar komai sai goro ɗaya da na cusa masa, ya yi min addu'a, ya saɓa ruwansa ya wuce. Ina tsaye ina kallo, da bakina da komai, ban ce a'a ba. Sakatare ya karɓa, ya ɗaga tabarau ya duba, ya ce in gaida tsohon. Ya sa kofi ɗaya a ambulan, ya jefa ɗaya a kabad.

Na koma gida da akwati a ka. Babana ya ga akwatin ya kawar da kai, bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ban san me zan yi ba in lokacin tafiya ya zo, ban ma bar kaina na yi tunaninsa ba. Abin da na sani, na kasa zama wuri ɗaya, na kasa zama inda yake. Sai na faɗa wa gona. Ni mai ciwon cikin damina, na koma ina riga shi fita, ba na dawowa sai rana ta faɗi. Hannuna ya yi ruwa ya fashe ya yi kanta. Na gama maimai a tamu na shiga ta gwaggo. Na bi kunya-kunya ina tuge ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero, aikin da ko babana sai ya ga dama yake yi. Mutane suka fara magana. Ɗan lakwal ya yi hankali, ya bi maganar uba, ya bar Yamai da burs da komai bai ko ɓata fuska ba. Liman har ya ba da misali da ni a wurin wani suna, tsofaffi suna juyowa suna sa min albarka. Kowane yabo ji nake kamar an zuba min garwashi a riga. Na lura babana yakan tsaya daga nesa ya daɗe yana kallona, sai in ce ya gane. Wata rana ya ajiye min ragowar furarsa a inda nake hutawa, abin da bai taɓa yi ba, ya wuce.

Alhamis ta uku, ranar kasuwar birni, ya tashi bayan sallar asuba ya ɗaura wa jaki akumari. Ya sa rigarsa ta Salla. Ya kama zabi biyu ya ɗaure, ya jera ƙwai a ƙwarya cikin ƙaiƙayi. Ya ce wa gwaggo kasuwa za shi. Ni na ɗauki hauya na tafi gona, ban kawo komai a raina ba.

Abin da ya faru a lise, sakataren ne ya ba ni labari daga baya, yana yabon tsohon, bai san me yake gaya min ba. Ya ce yana zaune shi kaɗai, makaranta ba kowa saboda hutu, sai ya ji sallama. Wani dogon dattijo ya cire takalmi tun daga waje, ya ajiye zabi da ƙwai, ya durƙusa a gaban tebur. Ya ce ya san ranar ta wuce, ya san an rufe ambulan, amma laifin nasa ne, ba na yaro ba. Shi ya hana, yaron kuma ya yi masa biyayyar da ta hana shi sukuni. Ya zo roƙo ne, in akwai yadda za a yi, a taimaka a karɓi yatsansa. Da yake ba zai iya faɗin sunana ba, sai da suka sha fama, ya faɗi sunan gari da nasa sunan, kafin sakatare ya gane ɗalibin. Ya buɗe kabad ya zaro takardar ya ce, “Ikon Allah! Baba, ai ka riga ka sa. Takarda tana Yamai tuni. Ga yatsanka nan.” Ya ce tsohon ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, har shi sakataren ya fara zargi, ya tambaye shi, “Ko ba naka ba ne? In ba naka ba ne ka faɗa, don magana ce babba, za a soke burs ɗin.” Babana ya miƙa masa takardar ya ce, “Nawa ne. Tsufa ne, na manta.” Suka yi dariya, in ji sakatare, ko dai shi ya yi. Ya so ya mayar masa da zabin, ya ƙi karɓa.

Ya iso gida dab da magariba, yana jan jakin, bai hau ba. Ya yi salla, ya zauna a buzunsa a bayan rumbu, ya ce wa gwaggo ta turo masa yaron nan. Na zo na durƙusa. Ya ɗago babban yatsansa na dama ya nuna min. Fes yake, ya fi sauran haske.

“Da toka na goge shi tun da safe,” ya ce, “don an ce in akwai kaushi ba ya fitowa sosai. Na je in ba ka abin da ka roƙa. Na tarar an riga ni.”

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

“Na wa ne?”

“Wani ga-ruwa ne, Baba.”

“Sunansa?”

“Ban sani ba.”

“Ya san abin da ya sa wa hannu?”

“An ce masa karatu ne.”

Ya gyaɗa kai. “To shi ba shi da laifi, alheri ya yi.” Ya juya yatsan. “Kwana ashirin ina kallon ka a gona, ina cewa na zalunci yaron nan, wanda ya iya haƙura haka ba zai wulaƙanta tsoho ba. Ashe ba haƙuri nake kallo ba.”

Nan kuka ya ƙwace min, ƙato da ni, irin kukan da ban yi ba tun ina kai fura. Na ce ya yafe min. Na ce gobe da sassafe zan koma birni in faɗi gaskiya, su soke, su ba wani, in zauna in yi noma har in mutu.

“Zauna,” ya ce, ko da yake ban tashi ba. “Mai tabarau ya tambaye ni ko nawa ne, na ce nawa ne. Tun da na yi wayo ban taɓa faɗin abin da ba haka ba, sai yau, a gaban mai takarda. Yanzu ka je ka tona ni? Na ce nawa ne, to ya zama nawa. Za ka tafi.”

Na tafi. Ranar tafiya bai raka ni ba, ba a raka ɗan fari, amma gwaggo ta kawo min gumba a ƙunshe ta ce shi ya sa a daka, ya kuma ce a gaya wa yaron nan Allah ya yi masa albarka. Ya yafe min, na tabbata, don bai ƙara ambaton maganar ba, kuma shi mutum ne da in bai yafe ba ba zai ce ya yafe ba. Ni ne ban gama da ita ba. Duk lokacin da na zo hutu nakan tsaya a ƙofar gidan waya ina duba fuskar masu garwa, ban sake ganin tsohon nan ba. Na gama karatu, na yi wa ƙasa shekara goman da na yi alkawari, na ƙara wasu ashirin a kai. Na sa hannu a takardun da ban san iyakarsu ba, har na ɗalibai masu neman irin abin da na nema. Gidan nan da nake zaune a ƙofarsa, da karatun ƴaƴana, duk daga waccan takarda suka fito, kuma yatsan wani bawan Allah ne a kanta wanda ko sunansa ban tambaya ba. Na ubana ya zo har birni a wanke, ya koma gida babu tawada.